Ranar da manhajata ta ce buhun riɗi kilo 5 ne

"Injiniya, zo nan." Alhaji bai ɗaga murya ba, amma yadda ya riƙe rasit ɗin da yatsu biyu ya isa in san ba lafiya. Sito ne na hatsi a kasuwar Dawanau, ana tsakiyar kakar riɗi, 'yan dako na shiga suna fita, ƙura ta turnuƙe ko'ina. Kusa da sikeli wani dattijo ne da ya kawo buhu 12 daga wajen Jigawa, ya dogara da sandarsa yana kallona. Buhu 11 duk sun faɗo tsakanin kilo 84 da 87. Ɗayan kuwa, manhajar da na rubuta ta ce kilo 5.40 ne, ta lissafa kuɗinsa a haka, ta buga.

Dattijon ya ce, "Ɗan nan, buhun da ƙarti biyu suka ɗaga da nishi, shi ne kilo biyar?"

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, sikelin ne yake wasa." Aka mayar da buhun, fuskar sikeli ta nuna 85.40, kuma yaron da ke tsaye wurin ya rantse abin da ta nuna tun farko ke nan. Sikeli lafiyarsa ƙalau. Alhaji ya ce a koma biro da littafi har sai na gyara. "Ba na son a ce a sitona ake tauye mudu," in ji shi. Gumi ya karyo min duk da hunturun da ake yi.

Ƙannena masu koyon haɗa kwamfuta da na'urori, ko sikeli ne, ko Arduino (ɗan allon lantarki da ake ɗora wa manhaja), ko injin hasken rana, ko na'urar GPS, labarin nan naku ne. Abin da ya kayar da ni bai kai layi goma na rubutu ba, kuma har yau ina ganinsa a ayyukan ƙarshen karatu da ake kawo min in duba.

Sikelin yana magana da kwamfuta ta kafar siriyal, da tsarin RS-232 wanda aka fito da shi tun 1960 kuma har yanzu bai mutu ba. Sunan ma ya faɗi halinsa: bayanai na tafiya a jere, bit (wato 0 ko 1) ɗaya bayan ɗaya, kamar mutane a ƙofar da ba ta ɗaukar biyu. Sikelinmu na tafiya a gudun 9600, wato bit 9600 a daƙiƙa. Kowane bayit, wato harafi guda a nan, yana cin bit 10 a kan waya, takwas na saƙo, ɗaya na buɗewa, ɗaya na rufewa, wato bayit 960 ke nan a daƙiƙa. Layin da yake aikowa kuwa kamar haka yake: ST,GS,+0085.40kg sannan alamomi biyu marasa ganuwa na ƙarshen layi. ST na nufin nauyi ya tsaya cak, in buhu na rawa sai ya aiko US. Duka bayit 18 ne, kuma kafin su gama wucewa an ci kusan milisakan 19. A wurin mutum ƙiftawar ido ma ta fi wannan tsawo. A wurin kwamfuta kuwa yini guda ne.

Da yaren kwamfuta na C# na rubuta manhajar, mai taga da maɓallai. A irin wannan manhaja ba ka zama ka zura wa waya ido. Kana rubuta ɗan aiki ne ka ajiye, ka ce wa tsarin, in wani abu ya shigo ka kira min wannan. Shi ake ce wa kolbak. A C# sunan kiran DataReceived, a Qt kuma, wani kayan aikin gina manhaja mai taga, sunansa readyRead. To ni a kaina, duk lokacin da aka kira kolbak ɗina, layi guda cikakke ne ya iso. Sai in kwashe abin da na samu, in tsamo lambar da ke ciki, in ɗora a allo. Babu wanda ya taɓa yi min wannan alkawari. Ni na ƙirƙire shi, don a ɗakina haka na ga yana faruwa.

Dalilin da ya sa ya yi aiki a ɗakina shi ne ba ni da sikeli a can. Arduino na sa yana kwaikwayon sikeli a gudun 115200, inda layin nan ke wucewa cikin ƙasa da milisakan 2, don haka kusan kullum a dunƙule yake zuwa. A sito kuwa akwai 'yar wayar da ke juya siriyal zuwa USB, mai guntun FTDI a ciki. Irin wannan guntu yana da agogo na milisakan 16: in lokacin ya cika sai ya miƙa wa kwamfuta abin da ya tara, ko layi ya ƙare ko bai ƙare ba. Ba laifinsa ba ne, haka aka rubuta a takardunsa, ni ne ban karanta ba. Layi mai cin milisakan 19 ya haɗu da agogo mai 16, dole a yanka shi, kuma wuƙar ba ta faɗawa wuri guda. In ta faɗa bayan 85.40, sai rabi na biyu ya zo da "kg" kawai, babu lamba, manhaja ta yi watsi da shi, komai daidai. In ta faɗa tsakanin 8 da 5, sai kira na farko ya kawo +008, na biyu ya kawo 5.40kg. Allo ya nuna 8, ya nuna 5.40, kafin ido ya kama wani layi ya rufe shi. Sai dai in an yi rashin sa'a magatakarda ya danna "Ajiye" a daidai wannan tsakanin. Ranar nan an yi rashin sa'ar, kuma Allah ne kaɗai ya san sau nawa aka yi ta kafin nan ba a lura ba. Wannan tunanin ya fi maganar Alhaji hana ni barci. Sai da na bi rasit na makonni biyu ɗaya bayan ɗaya, na tsinci wasu guda biyu, Alhaji ya nemo masu kayan ya cika musu kuɗinsu.

Ku riƙe wannan da kyau. Kolbak sallama ce a ƙofar gida. Tana gaya maka an zo, ba ta gaya maka mutum nawa ne ba, ko sun gama shigowa. Wani lokaci rabin layi za ka tarar, wani lokaci layi uku da ɗan guntu, wani lokacin bayit ɗaya tak. Waya ba ta san layi ba, ba ta san saƙo ba, bayit kawai ta sani. Kai ne za ka yi rumbu, ka zuba duk abin da ya zo a ciki, sannan ka duba ko akwai alamar ƙarshen layi. In akwai, ka yanko cikakken layin ka yi aiki da shi, ragowar ka bar ta a rumbu ta jira 'yan uwanta. Yanzu da Python da Qt na fi aiki, ga yadda nake rubuta shi:

```
def an_yi_sallama(self):
    self.rumbu += self.kafa.readAll().data()
    while b"\r\n" in self.rumbu:
        layi, self.rumbu = self.rumbu.split(b"\r\n", 1)
        self.duba_layi(layi)
```

Ku lura while na sa, ba if ba. Da if na fara, sai na ga nauyin da ke allo yana bin na sikeli a baya, tazarar kuma tana ƙaruwa, don duk kiran da ya zo da layi biyu ɗaya nake cirewa in bar ɗaya. Ku lura kuma rumbun ba a cikin kolbak aka haife shi ba. In a ciki ka ƙirƙire shi, kowane kira sabon rumbu ne, ka zubar da hatsin jiya. Sannan a Qt dole ka kwashe duk abin da ke akwai, domin ba za a sake yi maka sallama a kan abin da ka bari ba, sai wani sabo ya shigo.

Shi kansa cikakken layin ba a amince masa da ka. Layin farko bayan buɗe kafa yawanci guntu ne, don sikeli bai jira ka ba, ya daɗe yana magana kafin ka zo. In aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, sikeli na iya yanke magana a tsakiya ya sake farawa, sai wutsiyar wancan ta manne da kan wannan. Don haka duba_layi tambayoyi yake yi kafin ya yarda: tsawonsa daidai ne? Da ST ya fara? Da kg ya ƙare? In ɗaya ta saɓa, a jefar. Ba asara, wani layin na tafe yanzun nan. Amma a ƙirga waɗanda aka jefar a rubuta, domin in suka yi yawa waya ce ta fara lalacewa ko tana kwance kusa da ta wuta. Kuma ka sa wa rumbu iyaka. In an saita gudu ba daidai ba, shirme ne zai riƙa shigowa babu ƙarshen layi, rumbu ya yi ta kumbura har kwamfuta ta shaƙe.

Na gyara wannan na koma sito ina taƙama. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Tun farkon aikin akwai wani kashedi da Visual Studio, inda nake rubuta manhajar, ya yi min, cewa ina taɓa akwatin rubutu daga zaren da ba shi ya ƙirƙire shi ba. Zare kamar ma'aikaci guda ne a cikin manhaja, kuma manhaja na iya samun da yawa suna aiki lokaci guda. Na shiga intanet na samo layi ɗaya da ke kashe kashedin, CheckForIllegalCrossThreadCalls a mayar da shi false, na manna, kuka ya tsaya. Kamar wanda fitilar mai ta kama a motarsa ya sa salatif ya rufe ta. Gaskiyar magana ita ce, taga da duk abin da ke cikinta mallakar zare guda ne, wanda ke zagayawa yana sauraron linzami da maɓallai yana sake zana allo. DataReceived kuwa a wani zare daban ake kiransa. In zare biyu suka sa hannu a akwati guda lokaci guda, sau dubu ba abin da zai faru, na dubu da ɗaya manhaja ta mutu ba sallama. Irin wannan cuta ita ce mafi wuyar magani, don ba ta tashi a gaban likita.

Da na gane, sai na koma amfani da Invoke, wato kolbak ya roƙi zaren taga ya rubuta a madadinsa. Daidai ne, amma Invoke tsayawa yake yi ya jira sai an gama. Sai ga sabon ciwo: da yamma in magatakarda ya zo rufe manhaja, wani lokaci sai ta sandare, sai an kashe ta da ƙarfi. Kwana uku ina neman dalili. Ashe zaren taga ya shiga Close yana jiran kolbak ya gama kafin ya rufe kafa, shi kuma kolbak yana cikin Invoke yana jiran zaren taga ya saurare shi. An yi cirko-cirko, kowa na cewa kai ka fara wucewa. BeginInvoke ya warware shi, domin shi ajiye saƙo yake yi ya tafi abinsa. Daga baya ma na daina duka biyun: kolbak ya zuba layuka a jerin gwano, wani agogo na zaren taga ya riƙa zuwa yana kwashewa.

Kowane kayan aiki da tasa al'adar, kuma tambayar farko da za ka yi ita ce a wane zare ake kirana. In a Python kake da Tkinter mai gina taga da pySerial mai karanta kafa, zare daban ya karanta, ya zuba a queue.Queue, taga ta riƙa leƙawa da after duk bayan milisakan 50 ko 100. In GTK ne, wani kayan gina tagar, idle_add ke kai saƙo ga zaren taga. QSerialPort, wanda ya shigo Qt a sigar 5.1 cikin 2013, ya fi sauƙi ta nan: in a zaren taga ka ƙirƙire shi, a nan za a kira ka, kana iya taɓa allo kai tsaye. Ni shi na fi so wa mai koyo. Sai dai sauƙin da kuɗinsa, domin duk daƙiƙar da ka ɓata a cikin kolbak, taga ce ka ɗaure.

Nan ma na faɗa. Na taɓa sa kolbak ya rubuta a ma'ajiyar bayanai, ya aika wa firinta, har da sleep, wato umarnin tsayawa a jira, na rabin daƙiƙa wai don sauran saƙon ya ƙaraso. Wannan sleep ɗin shi ne maganin da kowane sabon hannu yake fara kaiwa gare shi, kuma yana rufe matsalar yankewar layi ne kawai, ba ya kashe ta. Ranar da firinta ta ƙare da takarda, komai ya tsaya. Windows in ya ga taga ta yi kamar daƙiƙa 5 ba ta amsa ba, sai ya dusashe ta ya rubuta Not Responding a samanta, mai kaya kuma na tsaye yana kallo. Kolbak ɗan aike ne, ya karɓa, ya ajiye, ya fita. Aiki mai nauyi a ba wani. Akwatin gargaɗi mai jiran a danna OK kuwa, kada ya kusanci wurin ko da wasa. Na taɓa sa shi a kan layin da ya lalace, waya ta kwance kaɗan, aka wayi gari da akwatuna sun hau kan juna ba iyaka.

Allo ma ba ya bukatar duk abin da waya ta kawo. Idon mutum ba ya karanta lamba sau 50 a daƙiƙa. Ka ajiye nauyi na ƙarshe, agogo ya zana shi sau 5 ko 10 ya wadatar. Akwatin da nake zuba duk layukan da suka shigo don in riƙa gani, ban taɓa share shi ba, zuwa la'asar manhaja na tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi biyu. Layi 200 na ƙarshe sun isa, sauran su tafi fayil.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro in na tuna kuwa, shiru ne ya jawo shi. Kolbak sai abu ya zo ake kiransa. In ba abin da ya zo, ba mai gaya maka. Wata rana ɗan dako ya taka waya ta zare daga bayan sikeli, allo ya ci gaba da nuna 86.10 da manyan lambobi kore shar, kamar ba abin da ya faru. Magatakarda ya ajiye buhu uku a jere duk 86.10 kafin ya ce, "Yallaɓai, anya buhunan nan 'yan uku ne?" Da bai da lura, da mun sake tauye wani ko mu tauye Alhaji. Tun ranar, duk layi mai kyau da ya shigo ina rubuta lokacinsa, agogo kuma na dubawa. In daƙiƙa 2 suka wuce ba labari, lambar ta ɓace, allo ya koma ja ya rubuta "Babu sadarwa da sikeli", maɓallin ajiya ya mutu. Haka in nauyi bai tsaya ba, in US ake aikowa, maɓallin ba ya dannuwa. In kuma ɓangaren USB ne aka zare, nan kam tsarin yana sanar da kai, a Qt ta errorOccurred, sai ka rufe kafa ka riƙa gwada buɗewa a hankali. Ka sani dai a Windows in aka soke waya a wata kafar daban lambar COM, wato sunan da yake ba kafar siriyal, na iya canzawa, don haka kada ka binne COM3 a cikin rubutunka yadda na yi, har aka taso ni daga gida saboda an matsar da waya.

Akwai ɗaya da ya shafe mu Hausawa musamman. A wani aiki daga baya, na'ura ce ke aiko da saƙonni da Hausa, sai na ga "ƙofa" wani lokaci tana fitowa da alamun tambaya a gaba. A UTF-8, tsarin mayar da haruffa bayit, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne bayit biyu ne. Ƙaramin ƙ shi ne C6 da 99. In wuƙar nan ta faɗa tsakaninsu, kai kuma kana juya bayit zuwa rubutu a cikin kowane kira, Python zai yi maka ihu, wasu kuma su sa wata alama su wuce. A C# ma tun kafin a kai nan, kafar siriyal da ASCII take farawa, tsarin da bai san haruffanmu ba, duk bayit da ya haura 127 sai ta mayar da shi alamar tambaya in ba ka canza ba. Shi ya sa rumbuna na bayit ne, ba na rubutu ba. Sai layi ya cika nake fassara shi.

Ba kowace na'ura ce ke da ƙarshen layi ba. GPS mai tsarin NMEA tana da kirki: da alamar dala take farawa, da lambar tantancewa bayan tauraro, sannan ƙarshen layi. Tsarin sadarwa na Modbus RTU kuwa, wanda za ku haɗu da shi a mitoci da injinan hasken rana da yawa, da shiru yake raba saƙonni, shirun da ya kai tsawon harafi 3.5, wato kusan milisakan 4 a gudun 9600. Kada ka ce za ka auna wannan shiru daga cikin kolbak a kwamfutar tebur, bayan wayar USB kaɗai na iya riƙe saƙo milisakan 16. Ka lissafa tsawon amsar da kake jira, ka tara har ta cika, lambar tantancewa ta CRC da ke ƙarshen saƙo ta tabbatar maka. Ko ka ɗauki laburaren da aka riga aka gwada, ba abin kunya ba ne.

Yadda nake gwaji ma ya canza. Aikin da ke yanka layi na raba shi da kafa gaba ɗaya, bayit kawai yake karɓa, bai san daga ina suka fito ba. Sai in ɗauki abin da na naɗo daga na'urar gaske, in ba shi bayit ɗaya-ɗaya, in sake ba shi bakwai-bakwai, in sake juye masa duka lokaci guda, in cusa shirme a tsakiya. In amsa ba ta zama iri ɗaya ba a duk hanyoyin, bai isa fita daga ɗakina ba. Kuma kafin in rubuta layi ko ɗaya, sai na je inda na'urar take, na buɗe PuTTY, manhajar da ke nuna abin da ke shigowa ta kafa, ko makamancinsa, na zauna na kalli abin da take faɗa da bakinta, da wayarta, da gudunta.

Dattijon nan ya dawo kaka ta gaba da buhu 9. Ya gane ni kafin in gane shi. Ya tsaya bayan magatakarda yana duban allo, yana duban fuskar sikeli, buhu bayan buhu, bai ce uffan ba har aka gama. Da aka miƙa masa rasit sai ya ba jikansa ya karanta masa lambobin da ƙarfi, tun daga na farko har na tara, sannan ya naɗe ya sa a aljihu.